Ceɗiya a Hawa na Uku

Ranar Laraba ce, ƙarfe shida da 'yan mintuna na yamma. Rana ta riga ta faɗa bayan benayen da ke tsallaken titi, amma ba a kira sallar magariba ba tukuna. A daidai wannan lokaci Uwar Ganye ta fito daga kicin riƙe da butar lantarki, ruwan cikinta bai daina tafasa ba, ta nufi baranda ranta a ɓace.

Mijinta ne ya laƙa mata wannan suna, sunan kuma ya bi ta har wurin aikinta a ɗakin gwajin jini na asibiti. Ba banza ba. Gidansu ciki biyu ne da falo a hawa na uku, amma duk inda haske ke taɓawa akwai tukunyar shuka. Akwai masu ganye kamar takobi a bakin ƙofa, akwai masu yaɗo da suka bi saman labule, akwai na'a-na'a a tagar kicin. Ba ta ba kowace ruwa sai ta tura yatsa cikin ƙasar ta ji ta bushe. Ruwan famfo ma sai ya kwana a bokiti kafin ta yi amfani da shi. Takan juya tukwanen don kowane gefe ya samu rana, ta goge ganyen da tsumma mai laima, ta jera farar tsakuwa a saman ƙasa. Maigidan, wanda ke aiki a hukumar ruwa, yakan ce shi ke ba gari ruwa, amma a gidansa ba a yarda ya ba ko ɗan tsiro ɗaya ba.

Cikin shukokin nan duka, ɗaya ce ba ta bin doka. Ceɗiya ce a babbar tukunya, a kusurwar falo inda rana ba ta kaiwa. Bisa duk abin da Uwar Ganye ta karanta, ya kamata a ce ta daɗe da mutuwa a wannan duhu. Amma ta kai kafaɗar mutum, ganyenta na sheƙi kamar an shafa masa mai. Daga gidan mahaifinta ta fito. Bayan rasuwarsa, yayanta ya sayar da gidan ba da shawararta ba, aka rushe don a gina shaguna. Da safiyar ranar da za a sare tsohuwar ceɗiyar tsakar gidan, ta je ta yanko reshe ɗaya, ta cika buhu da ƙasar gindinta. Abin da ta tsira da shi ke nan daga gidan da aka haife ta.

A 'yan kwanakin nan wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka addabi tukunyar. Ta rage ruwa, ta rataye takarda mai danƙo, ta fesa man darbejiya, duk a banza. Sai ta yanke shawarar yin abin da masu shuka ke yi in ƙwari sun yi ƙwai a ƙasa. Ta ciro itacen, ta kakkaɓe saiwoyinsa, ta datse waɗanda suka nannaɗe, ta juye tsohuwar ƙasar a baho don ta ƙona ta da tafasasshen ruwa. Tana cikin haka yayan nata ya kira ta a waya, yana dariya, wai ta zo ta ga yadda shagunan suka yi kyau. Ta kashe wayar bai gama magana ba.

Shi ya sa da ta karkata butar a kan bahon, ba Bismillah ce ta fito daga bakinta ba. Tsaki ne.

Ƙasar ta yi cuu. A ƙarƙashin wannan ƙara sai ta ji wata, siririya, kamar ta ɗan kyanwa da aka take. Tururin bai tashi sama ba. Ya sauko ta gefen bahon, ya bi tayil a kwance, ya tsallake dokin ƙofa ya shiga falo. 'Yarsu Auta, mai shekara goma sha shida, ta fito daga banɗaki da alwala ba takalmi, ta ratsa ta cikinsa.

“Mama, me kika zubar? Ƙasan nan da zafi.”

“Ki sa takalmi mana. Kullum sai an faɗa miki.”

Ta jira ƙasar ta huce, ta mayar da itacen, ta jera tsakuwarsa. Ƙudajen ba su sake dawowa ba.

Washegari da magariba suna zaune a falo, wani abu ya bugi gilashin talabijin. Kafin su waiga wani ya faɗa cikin kofin shayin maigidan. Na uku ya sami Uwar Ganye a ƙeya. Ta miƙe ta hau sama wurin maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda ta saba kakkaɓe tabarma ta baranda. Ta faɗa mata maganganun da ta shekara tana tarawa. Mai ɗinkin ta riƙe ƙugu ta ce ita allura take jifa da ita in ranta ya ɓaci, ba dutse ba, kuma wanda ya mai da gidansa daji kada ya yi mamakin abin da dajin ya haifa.

Da ta sauko ta tarar da mijinta tsaye a tsakiyar falo, ya buɗe tafin hannunsa.

“Uwar Ganye, tagogin nan duk a rufe suke.”

Ta duba. Farar tsakuwa ce, tata, wadda ta wanke da hannunta. Ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, domin zafi gare ta kamar an ciro ta daga murhu.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da hasken taga ya fara ja, sai falon ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji motsin jininsa. Ƙarar motoci a titi ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Sai tsakuwa ta fara tashi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana zaɓen wuri. Kuma kowace safiya Uwar Ganye takan tarar da shuka ɗaya ta mutu. Ba bushewa ba, ba ruɓewa ba. Ganyen yakan yi laushi ya yi duhu ya kwanta a bakin tukunya kamar an dafa shi. In ta tura yatsa cikin ƙasar sai ta ji ɗumi. Na'a-na'a ce ta fara, sannan masu yaɗo, sannan masu takobi, waɗanda ko wata guda aka manta da su ba sa nuna komai. Ceɗiyar kaɗai ke tsaye. Ba ta zubar da ganye ba, ba ta kuma fitar da sabo ba.

Tsoro bai kama ta ba. Haushi ne ya cika ta. Ta zargi ruwan famfo, har ta ce wa mijinta su da hukumarsu sun zuba wa mutane guba. Ta zargi mai sayar da taki. Ta zargi Auta da fesa turare kusa da tukwane. Ta ɗauki ƙasar ta kai wurin aiki ta duba ta a madubin gwaji, ba ta ga komai ba sai ƙasa. Ta dawo tana watsi da kwanuka a kicin.

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba. In ta sunkuya kusa da tukunyar da za ta mutu gobe, takan ji ana hura iska a hankali, fuu, fuu, yadda uwa ke hura wa yaro ciwo. Wani lokaci har da murya ƙasa-ƙasa, tana cewa sannu, sannu.

Ranar da shuka ta ƙarshe ta mutu, Auta tana tsaye tana guga da yamma, sai ta saki dutsen gugar ta faɗi tana ihu, tana riƙe da ƙafafunta.

“Wuta! Mama, wuta! Ku cire min!”

Babu ƙuna, babu kumburi, babu ko ja. Amma daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, hannu ba ya iya daɗewa a kai. Aka kai ta asibiti. Uwar Ganye da kanta ta ɗebi jinin, da kanta ta gwada, ta sake gwadawa. Aka ɗauki hoto. Komai lafiya. Wani likita ya gyara gilashinsa ya ce wataƙila fargabar jarrabawa ce, 'yan mata sukan yi haka. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Suka dawo gida da maganin rage zafi da bai rage komai ba. Yarinyar da ke hawa benen nan da gudu ta koma sai an ɗauke ta zuwa banɗaki. Ƙafafun suka fara ramewa.

“Akwai wani malami da kawuna ya sani,” in ji maigidan, yana kallon bango.

“Ka fara ko?”

“Ruwa ba ya tsami banza. Kin ga dutsen nan da idonki.”

“Na ga dutse. Ban ga wanda zai zo ya tofa min yawu a kan yarinya ya ce ya yi magani ba.”

“To ke da injinanki me kuka gani?”

Ta buga ƙofa ta bar masa falon.

Da yammar wata Asabar tana zaune a gefen gadon Auta tana shafa mata tsumma mai sanyi. Hasken taga ya fara ja. Yarinyar, wadda ta yini tana nishi, ta yi shiru. Ta juyo da kai a hankali, ta kalli uwarta da idanun da ba su ƙifta ba. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kaushi, cike da ƙiyayya.

“Kurege. Kin ji yadda yake da daɗi?”

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Mutum ɗaya ne ya taɓa kiranta Kurege a duniya, saboda yawan hawan ceɗiya da take yi tana ƙarama, kuma yana kabari. Ko mijinta bai san sunan ba.

Ta miƙe. Ba kuka ta yi ba, ba ta kuma gudu ba. Ta nufi falo, ta rungumi tukunyar ceɗiyar, ta ja ta a ƙasa tana kurje tayil har baranda. Ta fara ɗaga ta kan ƙarfen baranda ke nan Auta ta ƙwala wata ƙara da ta sa maƙwabta suka leƙo. Maigidan ya riƙe hannun matarsa.

“Sake ni! In daga nan ne, yau zan ga ƙarshensa!”

“Ki saurari 'yarki! In kika jefa, me kika san zai bi tukunyar?”

Ta tsaya tana haki, ƙasa ta ɓata mata gaban riga. Can ta sauke tukunyar.

“Kira shi,” ta ce. “Amma in ya ce a yanka ko da kaza ce, da kaina zan sauke shi daga benen nan.”

Malamin ya zo washegari bayan la'asar. Tsoho ne siriri, da gilashi mai kauri da 'yar jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana mayar da numfashi, ya ce wanda ya gina benen nan bai yi shawara da tsufa ba. Ya dubi tukwanen da aka jera a bango, kowace da gawar shukarta, ya dubi ceɗiyar, ya daɗe yana dubanta. Ya sa aka kwantar da Auta a tabarma a falo, aka lulluɓe ta da mayafi, uban ya riƙe kafaɗunta. Ya zauna a gefen kanta ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar ƙarfen baranda ta miƙe a kan tayil har ta taɓa tabarmar. Ganyen ceɗiyar ya fara kaɗawa ba iska. Tsakuwa ɗaya ta tashi ta bugi gilashin malamin, ya gyara shi da yatsa bai tsaya ba. Sai jikin yarinyar ya sanƙare, ta yi wani gurnani.

“Ya isa, tsoho! Kana ƙona ni. Ƙunar da aka yi mana ba ta isa ba?”

“Wace ce ke?”

“Tambayi wadda ta sato ni.”

“Ni nake tambaya. Me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?”

“Nawa ɗan me ya yi?”

Muryar ta yi ta zuba, tana karkarwa don fushi. Ta ce tana zaune a gindin ceɗiyar nan tun kafin a haƙa tushen gidan. Ta ga an kawo uwar Kurege amarya, ta ga an fitar da gawarta. Ba ta taɓa taɓa kowa ba. Sau nawa Kurege ta zame daga reshe tana ƙarama, wa take tsammani ya tare ta? Ranar da aka zo da injin sara, ba ta da wurin zuwa, ko'ina siminti ne da kwalta, sai ta ɗauki ɗanta ta shiga buhun ƙasar. Shekara da shekaru tana ƙunshe a tukunya kamar kifi a gwangwani, a kusurwar da ko rana ba ta leƙowa, tana raya itacen da numfashinta. A datse mata saiwa, ta yi shiru. A fesa mata abu mai ɗaci, ta yi shiru. Sannan aka zo da magariba, lokacin da yaro ke kwance, ba sallama, ba ambaton Allah da zai sa su kauce, aka sheƙa masa tafasasshen ruwa a ƙafafu.

“Na kai shi tukunya ɗaya, ƙasar ta shanye zafin ta mutu. Na kai shi wata. Da tukwanen suka ƙare, ina zan kai zafin? Na kawo shi inda ya dace. Ƙafa da ƙafa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.”

“Ƙarya kike!” Uwar Ganye ta taso daga inda take. “Bakin wa? Ni na zuba ruwan. Ga ni nan, ga ƙafafuna. Matsoraciya, kin tsallake ni kin kama yarinya!”

“'Yata, zauna,” in ji malamin.

“Ba zan zauna ba, Malam. Wa ya gayyace ta? Na san tana ciki? Shekara nawa tana cin arziƙin ruwana da takina, ko gyaran murya ba ta taɓa yi ba, sai yau ta san tana da baki?”

“Arziƙinki?” Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. “Kurkukunki dai. Ku kuka sayar da gidana.”

“Gidan ubana ne! Kuma ba ni na sayar ba. Kina tsammani ke kaɗai aka kora?”

Maigidan ya dubi matarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Ta share fuska da bayan hannu, da ƙarfi, kamar mai jin haushin hawayen.

Malamin ya yi gyaran murya. Ya ce da mai maganar, abin da aka yi mata kuskure ne, abin da take yi kuwa ganganci ne, kuma ta san bambancinsu a wurin Wanda ya halicce su duka. Ko ta fita da girma, ko ya ci gaba da karatu har ta fita ba girma. Ba za a yanka mata komai ba, ba za a roƙe ta ba. Amma in akwai haƙƙinta da za a iya mayarwa, ta faɗa.

“Itacen. A mayar da shi ƙasa, ƙasa ta gaske mai zurfi, inda ɗana zai samu sanyi. Yau. Kuma ba za ta rage ko ganye ɗaya ba.”

Uwar Ganye ta dubi ceɗiyar. Ta san kowane reshe nata. Ta san tabon da ke gindi, inda wuƙa ta zame mata ranar da ta yanko shi, ƙurar rusau na shiga mata ido.

“Ki ɗauka,” ta ce. “Amma ba yau ba.”

“Uwar Ganye!” in ji mijinta. “Don Allah wannan lokacin ciniki ne?”

“Ba ciniki nake ba. Itacen nan bai taɓa ganin rana ba tun yana reshe. In aka dasa shi yau a fili, kafin mako ganyen ya ƙone, ga saiwar ban daɗe da datse ta ba. Ya mutu, ta rasa gida, ta dawo min nan da sabon fushi.” Ta juya ga fuskar 'yarta, wadda ba 'yarta ce ke kallo ta cikinta ba. “Ke da kika ce kin shekara a gindin itace, faɗa min in ƙarya nake.”

Uwar Ganye ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

“Zan bar shi a baranda, cikin inuwa tukuna. Kullum in matsa shi kaɗan wajen rana, har ya saba. In ruwan sama ya sauka, in dasa shi da hannuna. Amma ki fita daga jikin 'yata yanzu, ba gobe ba.”

“Zafin fa? In kai shi ina kafin nan?”

“Hannuna,” ta ce, ta miƙa su.

“A'a,” in ji malamin da ƙarfi. “Ba a wannan a gabana. Jikin mutum ba wurin ajiya ba ne.”

Ta kalli tukwanen da suka mutu. Can ta ce, “Ƙasa ce ke shanye shi, ko ba haka kika ce ba? Ba sai da shuka a ciki ba. Kowace yamma zan ajiye baho cike da sabuwar ƙasa mai laima kusa da tukunyar. Ki kwantar da shi a ciki. Da safe in zubar in kawo wata.”

Malamin ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce wannan ba yanka ba ne, ba kuma bauta ba, jinyar wanda aka ji wa ciwo ce, bai ga laifi a ciki ba. Amma ya gargaɗi matar gidan cewa irin waɗannan ba duka ke cika alkawari ba. Uwar Ganye ta ce mutane ma haka, ta gani a wurin yayanta.

“In kika saɓa, Kurege...”

“In na saɓa ki zo gare ni. Ni. Kin san ɗakina. Kuma kada ki ƙara kirana da wannan suna, ba ke kika raɗa min ba.”

Malamin ya sa mai maganar ta yi rantsuwa, ta yi tana cije baki. Ya umarce ta ta fita ta babban ɗan yatsan ƙafar hagu, ya koma karatu. Ƙafar Auta ta miƙe ta ɗaga daga tabarma, tana rawa. Yatsan ya lanƙwashe, ya yi ƙara kamar an karya tsinke. Wani siririn tururi ya bi tayil a kwance, ya fita baranda, ya hau gefen tukunyar ya nutse. Ganyen suka kaɗa sau ɗaya suka tsaya. Daga nesa aka fara kiran sallar magariba.

Auta ta buɗe ido. “Mama, ƙafata sanyi take ji.”

Uwar Ganye ta durƙusa ta kama ƙafafun da hannu biyu. Sanyi ƙalau. Ta ja mayafi ta rufe su, tana faɗa wai ai ga irinta nan, mutum kullum ba takalmi.

Maigidan ne ya sha ɗaukar ƙasa. Kowace yamma ya hau bene da buhu a kafaɗa yana mita, wai ya yi karatu don ya huta da dako, ga shi yana yi wa aljana. Matarsa takan juye ƙasar a baho, ta yayyafa mata ruwan da ya kwana, ta ce Bismillah da ƙarfi yadda har mai ɗinki za ta ji daga sama, ta ajiye. Da safe ƙasar takan bushe ƙamas, da ɗumi, da ɗan gurbi a tsakiya kamar inda aka kwantar da jariri. Ba ta taɓa yi wa tukunyar magana mai daɗi ba. In ta zo matsar da ita wajen rana takan ce, “Gafara, mai gida,” da gatse. Itacen ya zubar da rabin ganyensa, kamar yadda ta san zai yi, sannan ya fitar da sababbi, ƙanana masu tauri. A hankali ɗumin bahon ya yi ta raguwa. Wata safiya ta tura yatsa ta ji ƙasar da laimarta, babu gurbi.

Bayan ruwan farko suka ɗauki tukunyar a bayan mota zuwa wani fili na hukumar ruwa a wajen gari, bayan babban tanki, inda aka kewaye da waya kuma ba mai gini. Auta ta bi su, tana takawa a hankali. Uwar Ganye ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Ita ta fasa tukunyar, ta warware saiwoyin da yatsunta, ta daidaita gindin da bakin rami, ta mayar da ƙasa ta danna da tafin hannu, ta kafa sanda ta ɗaure. Da ta buɗe jaka don ta ciro igiya, almakashin yankan reshe na ciki. Ga wani ɗan reshe a gefe, tsawon yatsa, irin wanda ke kamawa cikin kofin ruwa. Ta daɗe a durƙushe.

Ta ja zif ɗin jakar. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

“Ga shi nan,” ta ce wa itacen. “Kada in sake jin ɗuriyarki.”

Ceɗiyar ta kama. Auta ta rubuta jarrabawarta tare da 'yan ajinsu, sai dai babban ɗan yatsanta na hagu bai ƙara lanƙwasuwa ba. Tagogin gidan sun sake cika da tukwane. A kusurwar falon Uwar Ganye ta gwada shuka iri-iri, har da waɗanda aka ce suna son duhu, babu wadda ta yi wata biyu. Yanzu fanka ce a wurin.